Ɗaya Cikin Bakwai: Wa Ya Ƙirga Yaran?

Duk shekara idan 10 ga Oktoba ta zagayo, wato ranar da aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya, akwai wani lissafi da ba ya ɓacewa daga bakin gidajen rediyo da shafukan sada zumunta. Ana cewa cikin kowane yara da matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke faɗar haka, Asusun UNICEF ma ya nanata a rahotonsa na 2021. Mai sauraro kan girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da harkarsa. Ni kuwa tambayar da ke tsaya mini a rai ita ce, wa ya ƙirga? Ƙyanda ana ganin ta a fata, zazzaɓin cizon sauro ana gano shi a ɗigon jini. To baƙin cikin yarinya 'yar shekara goma sha uku fa, da wane mudu aka auna shi, kuma gidan wa aka shiga aka tambaya?

Tambayar tana da amsa, kuma amsar tarihi ce da duk tsawonta bai wuce shekara ɗari ba. Amma kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kan kalma. Idan Bahaushe ya ji an ce taɓin hankali, abin da ke zo masa shi ne mai tsince-tsince a bola, ko wanda aka ɗaure aka nufi Dawanau da shi. Masu wannan ƙidaya ba irin wannan kaɗai suke nufi ba, kai irin wannan ma shi ne mafi ƙaranci a cikin yara. Suna nufin yaron da fargaba ta hana shi zuwa makaranta, da yarinyar da ta daina cin abinci da wasa wata da watanni, da wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti biyar, da wanda faɗa da ɗauke-ɗauke suka zame masa jiki har ya gagari gida.

Har zuwa farkon ƙarni na ashirin, likitocin Turai ba su ɗauki wannan a matsayin abin ƙirgawa ba. Abin da suka sani game da hankalin yara sun samo shi ne daga 'yan tsirarun da aka kai musu. An buɗe asibitocin ba iyaye shawara kan tarbiyyar yara a Amurka da Ingila, Leo Kanner ya wallafa littafin farko na Ingilishi a kan wannan fanni a 1935, amma duk ilimin daga ɗakin likita yake fitowa. Matsalar a fili take. Wanda ya zauna a bakin asibiti yana ƙirga masu shigowa, abin da zai sani shi ne waɗanne irin yara ne iyaye ke gajiya da su. Yaran da ke wahala a gida ba a kai su ko'ina ba, ba za su taɓa shiga littafinsa ba.

Tun a 1928 wani mai bincike a Amurka, E. K. Wickman, ya hango bakin zaren. Ya ba malaman firamare jerin halayen yara ya ce su jera su daga mafi muni, sannan ya ba ƙwararrun masu duba yara irin wannan jeri. Malamai suka sa sata da ƙarya da rashin biyayya a sama, suka jefa jin kunya da keɓe kai can ƙasa. Ƙwararrun kuwa suka kifa jerin: a wurinsu yaron da ya janye jiki daga 'yan'uwansa, ba ya magana, ba ya wasa, shi ne abin tsoro. An soki tsarin binciken daga baya, domin ba tambaya iri ɗaya sak aka yi wa ɓangarorin biyu ba. Duk da haka abin da ya taɓo bai gushe ba har yau. Babba ya fi saurin ganin yaron da ke damun sa a kan yaron da abu ke damu.

Shekara talatin bayan haka, wasu mata biyu a birnin Buffalo na jihar New York, Rema Lapouse da Mary Monk, suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun da daɗewa. Suka bar asibiti suka shiga unguwa. Suka zaɓi gidaje ba tare da duba ko akwai mai ciwo a ciki ba, suka zauna da iyaye mata na yara 482 masu shekara 6 zuwa 12. Sakamakon da suka fitar a 1958 ya girgiza likitoci. Kashi 43 cikin 100 na yaran suna da abubuwa bakwai ko fiye da suke tsoro ko suke damuwa da su. Kusan rabi iyayensu sun ce suna da ƙiriniya fiye da kima. Mugun mafarki, cizon farce, tsotsar yatsa, fushi har da birgima, duk ga su nan birjik a gidajen da babu wanda ya taɓa tunanin kai ɗansa wurin likita. Ashe alamomin da littattafai ke lissafawa a matsayin shaidar ciwo, da yawansu ƙuruciya ce kawai. Akwai kuma wani ƙaramin abu da suka gano wanda a ganina ya fi sauran nauyi: da suka tambayi wasu daga cikin yaran da kansu, sai suka tarar tsoron da yaran ke faɗa ya fi wanda iyayensu mata suka sani yawa.

Ke nan an fita daga wata matsala an faɗa wata. In har kusan kowane yaro yana da alama ɗaya ko biyu, ina za a ja layi a ce daga nan ciwo ya fara?

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin amsa wannan shi ne Michael Rutter, wani matashin likita ɗan Birtaniya da aka haifa a Lebanon a 1933. A 1964 da 1965, shi da abokan aikinsa Jack Tizard da Kingsley Whitmore suka sauka a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Sun zaɓi wurin da dalili. Ruwa ya kewaye shi, saboda haka babu gardamar wane yaro ne ɗan gari wane ne baƙo. Mutanensa wajen dubu ɗari ne, ba su yi yawan da za su gagari ƙidaya ba, ba su kuma yi kaɗan ba. Hukumomin ilimi da lafiya na tsibirin suka ba da haɗin kai, kuma kusan kowane yaro yana cikin rajistar wata makaranta. Mai karatu ya riƙe wannan batu na rajista, za mu dawo kansa.

Aikin hawa biyu suka yi masa. Da farko suka raba gajerun takardun tambayoyi ga iyaye da malaman yara sama da 2,000 masu shekara 10 da 11, kamar dai a yi tankaɗe da rariya. Duk yaron da makinsa ya haura wani mataki, sai aka ware shi domin hawa na biyu, inda aka zauna da mahaifiyarsa aka yi doguwar hira, aka karɓi rahoton malaminsa, likita kuma ya gana da yaron ido da ido. Layin da suka ja shi ne wanda har yau ake bi: alama ita kaɗai ba ta isa ba, sai ta daɗe, ta saɓa wa abin da aka saba gani a shekarun yaron, sannan ta hana shi gudanar da rayuwarsa ko ta jefa shi ko na kusa da shi cikin wahala. Da wannan ma'auni suka sami kusan kashi 7 cikin 100. Littafin da ya tattara aikin ya fito a 1970.

Adadin shi ne aka fi ambata, amma abubuwan da suka biyo shi sun fi shi amfani. Yaran da takardar iyaye ta tsamo da waɗanda takardar malamai ta tsamo kusan yawansu ɗaya, sai dai ba yara ɗaya ba ne. Kaɗan ne ƙwarai suka fito a jerin biyu. Da farko mutum zai ce to ɗaya daga ciki ƙarya yake yi. Ba haka ba ne. Yaron da ke fitsarin kwance yana farkawa da kuka cikin dare, malaminsa bai sani ba. Wanda ke dukan 'yan aji ya dawo gida kamar ruwa ya cinye shi, uwarsa ba ta sani ba. Kowa abin da ya gani ya faɗa. Daga nan ya zama ƙa'ida cewa duk ƙidayar da ta tsaya kan bakin mutum ɗaya ta rasa rabin labari.

Sun kuma ga cewa cikin yaran da karatu ya yi wa wuya ƙwarai fiye da yadda basirarsu ta nuna, wajen ɗaya cikin uku yana da matsalar rashin ji. Sun ga yara masu farfaɗiya da sauran cututtukan da suka taɓa ƙwaƙwalwa kai-tsaye sun ninka sauran yara sau da yawa wajen shiga irin waɗannan larurori. Sannan mafi yawan yaran da aka tabbatar suna da larura, ba wani likitan ƙwaƙwalwa da ke duba su. Bayan 'yan shekaru Rutter ya ɗauki ma'aunin nan nasa ya kai wata unguwar talakawa a tsakiyar Landan, ya sami ninki biyu na abin da ya samu a tsibirin. Da ya bi diddigi sai ya ga bambancin yana tafiya ne tare da rikicin ma'aurata, da rashin lafiyar iyaye, da cunkoson gida, da makarantun da malamai ba sa daɗewa a cikinsu.

Wani abu da tsibirin ya koyar ya shafi ciwon damuwa. A wancan zamani akwai manyan masana da ke cewa ƙaramin yaro ba zai iya kamuwa da shi ba, wai hankalinsa bai ginu ya kai nan ba. A cikin 'yan shekara goman nan sama da 2,000, uku kacal aka samu da shi, abin da ya yi kamar ya gaskata masanan. Sai aka koma wa yaran nan dai da suka kai shekara 14 da 15. Masu ciwon suka ƙaru ninki-ba-ninki, kuma sama da kashi 40 cikin 100 suka shaida wa mai tambaya cewa akwai lokutan da ƙunci ke rufe su. Galibi iyayensu da malamansu ba su lura da komai ba. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A kan ɗan shekara goma sha huɗu dai, karin maganar nan ba ta ci jarrabawa ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daidai shekarun da ake aikin tsibirin Wight, ana yin makamancinsa a bakin kogin Nilu. Wata likita 'yar ƙasar Suwidin, Marianne Cederblad, ta bi gida-gida a wasu ƙauyuka uku kusa da Kartum ta tattara bayanin yara wajen 1,700 masu shekara 3 zuwa 15, ta wallafa a 1968. Lokacin akwai Turawan da ke riya cewa yaron Afirka, da yake a bayan uwa ya tashi cikin dangi, ba ruwansa da irin waɗannan larurori. Ta sami kimanin kashi 8 cikin 100 da alamomi masu tsanani. A 1980 ta koma ƙauyukan tare da wani likita ɗan Sudan, Sheikh Idris Abdel Rahim. Kafin nan birni ya haɗiye wurin, maza sun koma aikin albashi, makarantu sun yawaita, yara sun fi ƙoshin lafiyar jiki. Amma koken iyaye mata kan halayen 'ya'yansu ya ƙaru. Ko yaran ne suka canza, ko kuwa abin da ake bukata daga yaro ne ya canza da zuwan aji da allo da zaman awa shida wuri ɗaya, wannan tambaya ce da ke bin duk wata ƙidaya da aka maimaita bayan shekaru.

Sudan ta sake shiga tarihin a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya bincike a ƙananan asibitocin ƙasashe huɗu: Sudan, Indiya, Filifin da Kolombiya. Aka tsara tambayoyi goma kacal waɗanda ma'aikacin lafiya zai iya yi wa uwa a tsaye. Yaron yana in'ina ko wata matsalar magana? Yana barci sosai? Ya taɓa faɗuwa ko sanƙarewa ba dalili? Yana yawan ciwon kai? Yana guduwa daga gida, yana ɗauke-ɗauke, yana firgita ba gaira ba dalili? Yana baya wajen koyo? Yana wasa da sauran yara? Yana fitsari ko kashi a wando bayan ya wuce shekarun haka? Sakamakon da aka buga a 1981 ya nuna cewa tsakanin kashi 12 zuwa 29 cikin 100 na yaran da aka kawo saboda tari ko zazzaɓi ko gudawa suna ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ma'aikatan asibitin kuwa, cikin kowane irin waɗannan yara goma, ɗaya ko biyu kawai suke ganewa.

Daga shekarun 1980 sai harkar ta koma ta ma'auni. Likitocin Amurka suka fitar da sabon kundin rarrabe cututtukan ƙwaƙwalwa a 1980, mai lissafa alamomin kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, aka kuma ƙera tambayoyin da ko wanda ba likita ba zai iya karantawa ya cike. Nan aka ga abin mamaki. A tsibirin Puerto Rico, binciken da Hector Bird ya jagoranta ya fito a 1988 da cewa kusan rabin yaran da aka duba sun cika sharuɗɗan wata cuta. Rabin yaran ƙasa! Da aka ƙara sharaɗin nan na Rutter, wato sai larurar tana tauye rayuwar yaron a zahiri, adadin ya faɗo zuwa kimanin kashi 18. Yara ɗaya, amsoshi ɗaya, an matsar da layi kawai. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san tiya ba ɗaya ba ce, kuma ya san rigimar da ke tashi idan aka auna da wata aka biya da farashin wata. Saboda haka idan ka ga jarida ta ce matsalar ta fi yawa a ƙasa kaza fiye da ƙasa kaza, fara tambayar da wace tiya aka auna kowacce. A lardin Ontario na Kanada an sami kashi 18 a binciken 1983, kuma cikin yara shida masu larurar, ɗaya ne kawai ya sami wata kulawa ta musamman.

Binciken da ya fi burge ni an fara shi a 1993 a yankin duwatsun yammacin jihar North Carolina ta Amurka, ƙarƙashin Jane Costello. Maimakon a ɗauki hoton rana ɗaya, sai aka ɗebi yara 1,420 masu shekara 9 da 11 da 13 aka riƙa komawa wurinsu shekara bayan shekara. A kowane zagaye, wajen kashi 13 cikin 100 ne ke da larura. Amma da aka tara lissafin har suka kai shekara 16, sai ga shi sama da kashi 36 sun taɓa shiga wata larura ko sau ɗaya. Ma'ana ba wasu tsirarun yara ne ke ɗauke da abin dindindin ba. Shiga ake yi ana fita, kamar yadda zazzaɓi ke zagaya gida.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran 'yan ƙabilar Cherokee ne, 'yan asalin ƙasar, kuma talauci ya yi musu katutu. Ana tsakiyar binciken sai aka buɗe gidan caca a yankin ƙabilar, aka riƙa raba wani kaso na ribar ga kowane ɗan ƙabila duk shekara, ko yana aiki ko ba ya yi. Ba cacar ce abin dubawa a nan ba. Abin da ya faru shi ne kuɗi sun shigo wasu gidaje ba tare da iyayen sun canza hali ko ilimi ba, ga kuma masu bincike riƙe da bayanin yaran na shekarun baya. An daɗe ana gardama: talauci ne ke lalata halin yara, ko kuwa gidajen da ke da matsala ne ke faɗawa talauci? Rahoton 2003 ya nuna cewa a gidajen da kuɗin suka fitar daga talauci, rashin ji da taurin kan yara sun ragu har sun yi daidai da na yaran da ba su taɓa talauci ba. Dalilin da ya fi fitowa shi ne iyaye sun sami sararin sa ido a kan 'ya'yansu. Fargaba da damuwa kuwa ba su motsa ba. Wannan rabi na biyu ba a cika ambatarsa ba, alhali shi ma sakamako ne.

Birtaniya ce ta mayar da ƙidayar aikin gwamnati. A 1997 Robert Goodman ya fitar da wata takarda mai tambayoyi 25 da ke cika shafi ɗaya, wadda ke tambayar kyawawan halayen yaro tare da matsalolinsa, akwai ta iyaye, akwai ta malamai, akwai ta yaron da ya kai shekara 11. Kyauta ake samun ta, an kuma fassara ta zuwa harsuna da dama, shi ya sa ta zagaya duniya. A 1999 ofishin ƙididdiga na ƙasar ya binciki yara sama da 10,000 masu shekara 5 zuwa 15, ya sami kusan ɗaya cikin goma. Aka maimaita a 2004, adadin bai canza sosai ba. Daga nan sai aka yi shiru shekara 13. A cikin shekarun nan ne wayar hannu mai intanet ta shiga aljihun kowane matashi, tattalin arziki ya karye a 2008, asibitoci suka cika da matasa, jaridu suka yi ta hasashe, amma ƙasa mai arziki irin wannan ba ta da sabon adadi ko ɗaya da za ta kafa hujja da shi.

Da aka sake ƙirgawa a Ingila a 2017, sai aka ga ƙarin bai kai yadda ake zuzutawa ba. A tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 15, an tashi daga kashi 9.7 a 1999 zuwa 11.2. Inda abin ya taru shi ne 'yan mata masu shekara 17 zuwa 19, waɗanda kusan ɗaya cikin huɗu ke da larura, galibi fargaba da damuwa. Sai annobar korona ta zo. A 2020 aka ce ɗaya cikin shida, a 2023 aka ce ɗaya cikin biyar. Sai dai waɗannan na baya da gajeriyar takarda aka same su, ta intanet, ba da cikakkiyar hira ba, shi ya sa masu binciken da kansu suke cewa "mai yiwuwa yana da larura". Akwai kuma gardamar da ba a gama ba: matashin yau ya fi na 1999 sanin kalmomin, ya fi shi rashin jin nauyin faɗa. Wani ɓangare na ƙarin wahala ce ta gaske, domin asibitoci ma sun ga ƙaruwar masu cutar da kansu. Wani ɓangaren kuma baki ne ya buɗe.

To ɗaya cikin bakwai ɗin da muka fara da shi fa? Daga irin waɗannan bincike aka tattaro shi. A 2015 Guilherme Polanczyk na Birazil da abokan aikinsa suka haɗa bincike 41 daga ƙasashe 27 suka sami kashi 13.4, kuma suka lura cewa bambancin da ke tsakanin sakamakon ya fi alaƙa da yadda aka yi binciken fiye da inda aka yi shi. Wannan ya ba da ƙarfin gwiwar cewa adadin ba zai yi nisa da gaskiya ba a ko'ina. Amma wani nazari da aka buga a 2017 ya duba ƙasashe 187 ya tarar 124 daga ciki ba su da bayani ko ɗaya a kan ko wace larurar ƙwaƙwalwa ta yara. Gurbinsu da lissafin kwamfuta ake cike shi, ana aro daga maƙwabta ko daga ƙasashen da suka yi kama da su. A Afirka kudu da Sahara, wani nazari na 2012 ya laluba duk abin da aka taɓa yi a cikin al'umma, ya samo bincike goma daga ƙasashe shida, jimillar yara ba su kai 10,000 ba, a yankin da yara ke da ɗaruruwan miliyoyi. Jimillar ta ba da kashi 14.3. A ciki ma tiya ta nuna halinta: inda aka yi amfani da gajeriyar takarda an sami kusan kashi 20, inda aka yi cikakkiyar hira an sami 9.5.

Nijeriya tana cikin 'yan ƙasashen da suka ba da gudummawa. A 1994 Oye Gureje da Olayinka Omigbodun da abokan aikinsu suka tantance yara 990 masu shekara 7 zuwa 14 a wani asibitin yara a Ibadan, suka sami kusan ɗaya cikin biyar, ciki har da kashi 6 masu ciwon damuwa. An yi wasu a wasu garuruwa, akasari a makarantun sakandare ko a asibitocin koyarwa, kowanne da 'yan ɗaruruwan yara.

Nan ne batun rajistar tsibirin Wight ke dawowa. Rutter ya iya cewa kashi 7 cikin 100 ne saboda ya san ɗarin. Yana da sunan kowane yaro. Mai bincike a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da ya shiga makarantar boko da takardunsa, ya riga ya tsallake almajirin da ke tsangaya nesa da iyayensa, da yarinyar da ke yawon talla, da wadda aka aurar tana da shekara goma sha biyar, da ɗan makiyayi, da yaron sansanin gudun hijira da ya ga abin da babba ma ba zai so gani ba. UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. In aka bi abin da aka gano a Landan da North Carolina, waɗannan su ne suka fi kusa da larurar, kuma su ne ba sa cikin lissafi. Ko tsarin nan na jin bakin mutum uku, uwa da malami da yaro, sai an sake masa fasali, domin almajiri uwarsa tana wani gari, wanda ya san barcinsa da kukansa wataƙila wani gardi ne ko matar gidan da yake yi wa aike.

Ga kuma harshe. Takardar da aka rubuta a Landan tana tambaya ko yaro yana jin nauyin baƙi, ko yana yawan zama shi kaɗai, ko ya fi sakewa da manya. A gidan Bahaushe, yarinyar da ke sunkuyar da kai, ba ta ɗaga murya, ba ta fita wasa, ita ce ake yabo da kunya da natsuwa, ita ake nuna wa ƙannenta a ce su yi koyi. Sau da yawa yabon daidai ne. Wani lokacin kuma ita ce yarinyar da ƙwararrun Wickman suka sa a saman jerinsu tun 1928. Uwar da aka tambaya ko 'yarta tana da damuwa za ta iya cewa wace damuwa, tana ci tana sha? Kalmar a bakinmu ta manya ce, ta masu iyali da bashi. Yarinyar kuma da wuya ta ce tana cikin ƙunci. Za ta ce kanta ke ciwo, ƙirjinta ke zafi, jikinta ya mutu, a kai ta kemis a sayo mata maganin zazzaɓi. In ta kai ga faɗuwa a aji, an fi saurin kiran mai ruƙiyya. Mai ƙidayar da bai san waɗannan hanyoyin faɗar ciwo ba zai koma da takarda cike da "a'a".

A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Doka tana bukatar kasafi, kasafi kuma yana tambayar mutum nawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar ita ce ta 2006, kuma jariran da aka shafa wa iyayensu tawada a yatsa a wancan lokaci sun riga sun fita daga shekarun da ake kira na ƙuruciya.